Malam Kwafi da Mai Koren Bango

Shagona na ɗinki yana jikin shagon Malam Kwafi, bangon katako ne kawai ya raba mu, don haka duk abin da zan faɗa a nan ba a bakin mutane na tsince shi ba, ta cikin katako ya riƙa shigo mini ko ina so ko ba na so. Sunan nasa daga sana'arsa ya samo shi, injin kwafin takardu gare shi. Ba mugun mutum ba ne, ciwonsa ɗaya ne tak: ya yarda har cikin ransa cewa duk takardar da ta bi ta cikin injinsa ta bi ta cikin kansa. Da ɗaliban koyon aikin jinya suka kawo masa takardunsu, wata guda ya yi yana leƙa idon mutane yana faɗa musu cutar da ke damunsu. Da wani lauya ya kawo nasa, har ni sai da ya ba ni shawara in kai ƙarar mai gidan hayata, mutumin da ban taɓa samun saɓani da shi ba.

Ana nan sai malamin da ke jagorantar ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba a majami'armu ya tsufa, ya koma wajen 'ya'yansa. Fasto ya sanar cewa duk mai sha'awar kujerar za a ba shi Laraba uku ya gwada, daga nan dattawa su yanke shawara. Bai rufe baki ba hannun Malam Kwafi yana sama. Shekara da shekaru mutumin nan yana zaune a benci na biyu yana gyara wa tsohon malamin magana ƙasa-ƙasa, yana jiran wannan rana. Kujerar nan ita ce duk burinsa a duniya, kuma kowa ya sani, domin bai bar kowa da rashin sani ba.

Washegari ya shigo shagona da yadi ya ce in ɗinka masa kwat mai babban aljihu a ciki, wanda zai ɗauki kwamfutar hannu. Ya zaro kwamfutar ya nuna mini makaminsa, wata manhaja ta nazarin Littafi da ya saya, cike da littattafan sharhi na masana iri-iri. Kowane littafi da kalar bangonsa, ga ja, ga shuɗi, ga rawaya, ga kore. Da ya buɗe ɗaya sai na ga wani ɗan akwati ya fito a gefe da hoto da rubutu, an sa masa “Game da Marubuci”. Kafin in kai idona wajen ya rufe shi da sauri, ya shiga can ciki ya danna wani abu don kar ya sake fitowa. Na tambaye shi ko mene ne wancan.

“Surutu ne kawai, maƙwabciya. Ina aka haife shi, ina ya yi makaranta, su wa ya rubuta wa. Ni aure zan ba shi? Abin da ke cikin littafin nake so.”

Daga ranar marubutan suka rasa sunayensu. Suka koma Mai Ja, Mai Shuɗi, Mai Rawaya da Mai Kore.

A lokacin akwai baƙuwa a gidansa, gwaggon matarsa, wadda ta zo daga nesa aka yi mata aikin ido, take jiran likita ya sallame ta. Tsohuwa ce mai ƙaton tabarau, ba ta da yawan magana. Da yake gidan ba kowa da rana, matar Kwafi kan kawo ta ta zaunar da ita a kujerar roba a ƙofar shagona, tana sauraron ƙarar keken ɗinki. Watanni tana gidansa yana wuce ta safe da yamma, bai taɓa tambayarta aikin da ta yi a rayuwarta ba. Sau ɗaya a gabana matarsa ta fara cewa ai Gwaggo ma da can, sai ya katse ta ya ce ya sani, ta iya girki, duk tsofaffin da sun iya. Matar ta dube ni, ta haɗiye sauran maganar, ta ce to shi ke nan.

Larabar farko ya zo cikin sabuwar kwat, ya tsaya a gaba ya buɗe Mai Shuɗi, ya shiga karanta mana kamar daga kansa maganar ke fitowa. Ya ce mu duka da muke zaune a wajen nan kowa ya san laifin da ya kawo shi. Mutane suka gyaɗa kai, domin wannan gaskiya ce. Ya ce wasunmu sata ce ta kawo su, wasu kuma kan mutum suka fasa. Gyaɗa kan ya ragu. A benci na gaba akwai Alƙali, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin shari'a, yana cikin masu yanke shawara kan kujerar, na ga ya gyara zama. Kwafi ya ci gaba, ya gargaɗe mu da kar mu ɓoye cokali a ƙarƙashin katifa, kar mu yi faɗa a kan layin abinci, kuma idan matar mutum ta daina zuwa ranar ziyara kar ya zarge ta, ya tuna abin da ya ja mata. Ya rufe da cewa mu girmama gandiroba ko da ya zalunce mu.

Alƙali ya ɗaga hannu a hankali. “Malam, wane gandiroba?”

“Maganar ruhaniya ce, ranka ya daɗe. Gandiroba shi ne Fasto.”

Fasto ya yi tari. Ni kuma bakina bai iya zama lafiya ba, na tambayi cokalin fa. Ya ce cokali zunubi ne, katifa kuma zuciya, ya ce abin yana da zurfi, ba kowa zai kama shi a rana ɗaya ba. Alƙali ya ce shi dai duk tsawon aikinsa mutane ya riƙa turawa gidan yari, yau ne karon farko da aka tura shi ba tare da an saurari ta bakinsa ba. Aka tashi kowa yana kallon na kusa da shi, ana ƙoƙarin gane wanda ya fasa kan mutum.

Kwana biyu Kwafi yana gaya wa duk wanda ya shigo kwafin takarda cewa ya girgiza majami'a. Da labari ya kai masa cewa an ce ya cika zafi, sai ya ce ba komai, shi ma ya san mutanen nan ba su kai wajen ba tukuna, zai sauko musu ƙasa.

Ya kuwa sauko da mu ƙasa, har kan siminti. Laraba ta biyu ya buɗe Mai Rawaya a kan labarin mutumin nan da aka jefa cikin ramin zakuna. Ya karanta layi biyu, sai ya ce kowa ya sauka daga benci ya durƙusa da hannu da gwiwa ya yi gurnani irin na zaki. Muka kalli juna. Ya ce wannan ita ce sabuwar hanyar koyarwa da ake yi a manyan makarantu, duk wanda ya ƙi to girman kai ke damunsa. Wa zai yarda a ce masa mai girman kai a cikin majami'a? Haka muka sauka, manyan mata da dattawa, muna gurnani. Ni da nake da jikoki, sai ga ni a ƙasa ina yi wa matar mai sayar da magani haushi a kunne. Shi kuwa yana zagaye mu da kwamfuta a hannu yana karantawa, wai wanda ya fi kowa gurnani a ba shi alewa, wanda kuma yake jin fitsari ya ɗaga yatsa ya faɗa, kar ya yi a wando.

Gwiwar Alƙali ta ƙi miƙewa. Sai da mutum biyu suka kama shi suka ɗora a benci, yana haki, gurnanin nasa kuma a lokacin na gaske ne. Gwaggo kaɗai aka ƙyale a zaune saboda idonta, na ga kafaɗunta suna rawa, ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Bayan an tashi Fasto ya ja shi gefe, ya roƙe shi da girman Allah ya riƙa duba wanda ya rubuta abu da waɗanda aka rubuta wa kafin ya kawo mana. Nan ne Kwafi ya yi abin da ya ƙarasa shi. Ya yi dariya ya ce shi ba ya buƙatar dubawa, domin mutanen nan ya san su ido da ido. Mai Ja ma, babban cikinsu, amininsa ne, ko jiya sun yi waya har kuɗin wayarsa ya ƙare. Ya faɗi haka da ƙarfi don Alƙali ya ji, Alƙali kuwa ya ji.

Shirin Larabar ƙarshe ya fi na baya girma. Ya aro majigi domin a haska fuskar kwamfutar a bango kowa ya gani. Ya buga takardun gayyata ya manna a ƙofar shagonsa da tawa ba tare da ya tambaye ni ba. Rabin takardar hotonsa ne, sauran rabin kuma tarihinsa, inda aka haife shi, makarantun da ya yi da waɗanda ya wuce ta ƙofarsu. Na ce masa ashe shi nasa tarihin ba surutu ba ne. Ya ce dole mutane su san wanda zai yi musu magana, kuma ko kaɗan bai ji abin da ya fito daga bakinsa ba.

Dabararsa ita ce ya ɗaga Mai Ja sama, sannan ya kama Mai Kore ya yi masa kaca-kaca a gaban jama'a, domin a cewarsa ba a gane babban malami sai ya kayar da wani. Mai Kore ya zaɓa saboda rubutunsa ba shi da manyan kalmomi, duk abin da ya faɗa ana ganewa, wannan kuwa a wajen Kwafi alamar jahilci ce. Ya fito ƙofar shago yana gwaji da ƙarfi, ni ina kan keke, Gwaggo tana kan kujerarta.

Ya karanta cikin muryar raini: “Kafin ka tambayi abin da aya take faɗa maka, ka tambayi wanda ya rubuta ta, da waɗanda ya rubuta wa, da halin da suke ciki. Saƙon da aka aiko wa maƙwabcinka ba za ka gane shi ba...”

“Sai ka san maƙwabcin naka,” Gwaggo ta ƙarasa a hankali.

Kwafi ya duba kwamfutar, ya ga haka ɗin ne kalma bayan kalma. Ya karanta wani layin, ta sake ƙarasa masa. Na tsayar da keke, domin ni abin ya fara ba ni tsoro. Shi kuwa murna ta kama shi har yana buga cinya. Ya ce in zama shaida, rubutun mutumin nan ya yi arha har tsohuwar da ba ta gani sosai tana iya cankar abin da zai faɗa. Gwaggo ta tambaye shi ko ya duba wanda ya rubuta. Ya ce mata ta huta, wannan harka ce ta masu ilimi. Da matarsa ta zo ɗaukarta na ga tsohuwar ta raɗa mata wani abu a kunne. Matar ta zaro ido ta nufi shagon mijinta, ta ce Baban yara akwai maganar da ya kamata ya ji kafin Laraba. Ya ce duk wata magana ta jira sai ya hau kujera. Ta dube shi, ta juyo, ta ce mini in ajiye mata wuri a gaba ranar.

Ranar Laraba majami'a ta cika har da waɗanda ba su taɓa zuwa ajin ba, domin labarin zakuna ya zaga unguwa. Aka zaunar da Gwaggo a benci na gaba saboda idonta, Kwafi ya ɗora mata jakarsa a cinya ta riƙe masa. Ya kunna majigi, rubutun Mai Ja ya fito a bango. Ya ce wannan amininsa ne, da safen nan ma aminin ya kira shi yana neman shawararsa a kan wata aya. Ya karanta mana inda aminin yake cewa mai nazari ya gyara lagwanin fitilarsa tun da rana, ya ba dokinsa ruwa, ya feƙe gashin tsuntsun da zai yi rubutu da shi. Alƙali ya tambayi me ya haɗa mutum mai waya da gashin tsuntsu. Kwafi ya ce masu kuɗi ne, sha'awa ce kawai.

Sannan ya juya kan Mai Kore. Ya ce wannan rubutun wanda bai taɓa tsayawa gaban aji ba ne. Ya ce ga dukkan alamu wani yaro ne ɗan koyo ya sami takarda da biro. Ya ce kan marubucin fanko ne, kuma da zai gan shi da ya zaunar da shi ya koya masa karatu kyauta, saboda Allah. Matarsa tana gefena ta naɗe hannu, fuskarta a sake kamar mai kallon wasa.

Alƙali ya miƙe da sandarsa, ya ce a iya saninsa ba a yanke wa mutum hukunci ba a san ko wane ne ba. Amma kafin a kai ga wanda ake tuhuma, yana roƙon a nuna musu hoton aminin nan su gaishe shi, tunda ga wani ɗan wuri can a gefen bango an rubuta “Game da Marubuci”. Kwafi ya ce wurin ya lalace. Jama'a suka ce a gwada. Ya ce amininsa ba ya son a riƙa nuna hotonsa. Alƙali ya ce shi zai ba shi haƙuri idan ya sake kira. Da ya ga ba mafita, ina jin ya lissafa cewa wani dattijo mai gemu zai fito, shi kuma ya ce aminin nasa ke nan, sai ya koma kan Mai Ja ya danna.

Mai gemun ya fito, amma ba hoto ba ne, zane ne. Alƙali ya gyara tabarau ya karanta da muryar kotu cewa marubucin ya rasu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ya juyo ya tambaya cikin ladabi ko daga can layin waya yana kamawa sosai.

Dariya ta ɓarke. Kwafi ya shiga shafa fuskar kwamfutar da sauri yana neman rufe akwatin, shafar kuwa sai ta riƙa juya littattafan ɗaya bayan ɗaya a bango. Mai Shuɗi ya fito, faston gidan yari ne da ya rubuta littafinsa domin fursunoni. Fasto ya dafe kai. Mai Rawaya ta fito, malamar yara ce 'yan ƙasa da shekarun shiga makaranta. Alƙali ya shafa gwiwarsa. Kwafi ya sake shafawa da hannu mai gumi, bangon ya koma kore, kwamfutar kuma ta tsaya cak ta ƙi motsi.

Hoton wata mata ne ya cika bangon, mai ƙaton tabarau da farin ɗankwali. A ƙasa an rubuta cewa ta koyar a makarantar horar da fastoci har ta yi ritaya. Dariya ta ɗauke. Kawuna suka riƙa tafiya daga bango zuwa benci na gaba, su koma bango. Hoton na shekarun baya ne, amma tabarau ɗin ma bai canza ba. Fasto ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba, ya ce da littafin nan aka koyar da su, bai taɓa ganin fuskar mai shi ba.

Gwaggo ba ta hango bangon sosai. Ta taɓa matar Kwafi ta tambayi dalilin shirun.

“Hotonki ne a bango, Gwaggo.”

“Mai farin ɗankwalin nan? Ban taɓa son hoton nan ba.” Ta gyara jakar da ke cinyarta, ta ɗaga kai wajen da yake tsaye. “To, ɗana, ka ce za ka zaunar da ni ka koya mini kyauta. Ga ni a zaune.”

Kwafi ya buɗe baki ya ce ai ya sani tun farko, gwada mu yake yi. Matarsa ta ce to ya faɗi sunan makarantar ba tare da ya waiwaya bango ba. Bai waiwaya ba, bai kuma faɗa ba. Ya tsaya cikin hasken majigi, rabin fuskar Gwaggo a kan kwat ɗin da na ɗinka masa. Ban so ba, amma na ji tausayinsa, domin na san irin yadda ya so kujerar nan.

Dattawa ba su ma shiga ofis ba, a nan tsaye suka gama shawara. Fasto ya roƙi Gwaggo ta karɓi ajin. Ta ce ita baƙuwa ce, da likita ya sallame ta za ta koma, kuma ba ta son ta ɗora wa surukinta nauyi. Alƙali ya ce yana da tabbacin mutumin da ya yi alkawarin koyarwa kyauta ba zai ƙi bayar da ɗaki kyauta ba. Duk majami'a ta juyo tana kallon Kwafi, ya ce ai gidanta ne.

Tana nan har yau. Kowace Laraba shi ke riƙe mata jaka, shi ke buga takardun darasi, kuma ta sa shi ya riƙa karanta wa aji tarihin kowane marubuci da ƙarfi kafin a fara. Kwat ɗin ya kawo mini na cire aljihun.

Halin dai bai bar shi ba. Ina jinsa ta cikin katako yana gaya wa ɗaliban da ke zuwa kwafin takarda cewa marubuciyar wani babban littafi a gidansa take zaune, kullum da safe tare suke shan shayi. Tun da na san mutumin nan, wannan ce gaskiya ta farko da ya taɓa yin alfahari da ita. Ɗaliban sukan yi dariya su karɓi takardunsu, su ce ya gaishe musu da ita idan ta kira a waya.